Adawa daga ƙetare: me jam'iyyu ke nema wurin 'yan ƙasarsu na waje idan an toshe musu gida?

A ranar 26 ga Maris, 2025, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a matsayin shugaban Jamhuriyar Nijar na wa'adin shekara biyar, a ranar kuma aka rushe dukkan jam'iyyun siyasar ƙasar. Mali ta bi sahu a watan Mayu. Tun kafin nan, a Oktoban 2024, gwamnatin sojan Yamai ta sanar da janyewar wucin gadi ta ɗan ƙasancin mutum tara na kusa da hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum, cikinsu har da tsohon minista Rhissa Ag Boula. Wata guda bayan haka aka ƙara wasu, har da tsohon ministan harkokin waje Hassoumi Massoudou. Waɗannan manyan biyu suna ƙasashen waje lokacin da aka yanke musu hukuncin.

Ga mutanen Maigatari da Babura da Sule Tankarkar, wannan ba labarin nesa ba ne. Da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da dangi ko surukai a Magarya ko Dungas ko cikin Damagaram, kuma saƙon muryar da aka naɗa a Faransa da dare yakan wayi gari a wayoyin 'yan kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Tambayoyin da ke yawo a majalisu su ne: idan an rushe jam'iyya, masu magana da sunanta daga waje wa suke wakilta? Wa ke ba su kuɗi? Kuma maganar tasu tana canza wani abu ne, ko wahala kawai take jawo wa na gida?

## Su wa ake nufi

Mulkin kama-karya a nan shi ne wanda ba ya barin a kayar da shi ta akwatin zaɓe. Wani na soja ne, ya soke jam'iyyu baki ɗaya. Wani na farar hula ne, yana shirya zaɓe a kan kari, amma hukumar zaɓe da kotu da 'yan sanda da gidan rediyo duk suna aljihunsa. Bambancin yana da amfani, domin a ƙarƙashin na biyu jam'iyyar adawa tana da ofis da ɗan takara da za a tara wa kuɗi, a ƙarƙashin na farko kuwa ba abin da ya rage mata sai suna da mutane.

Mazauna ƙetare su ma ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ɗan siyasar da ya tsere don kada a ɗaure shi. Akwai likita ko malamin jami'a ko direban tasi da ya zauna Ingila ko Amurka ko Faransa, ya sami takardun zama. Akwai kuma ɗan ci-rani da ke leburanci a Libiya ko Aljeriya, ko aikatau a Saudiyya, sau da yawa ba tare da takarda ba. Na farko shi ke jagoranci, na biyu shi ake zawarci, na uku kuwa shi ya fi yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa da kudancin Nijar, kuma shi ne ba a cika tunawa da shi ba.

## Kuɗi da murya

Abu na farko da jam'iyya ke nema a waje kuɗi ne. A gida, ɗan kasuwar da aka gano yana taimakon adawa zai iya rasa kwangila, ko a tsare masa kaya a kwastan, ko a taso shi da binciken haraji. Wanda ke karɓar albashinsa a Landan ba a iya yi masa haka, kuma ɗan abin da zai cire daga albashin nan, idan aka canza shi zuwa kuɗin gida, ya isa a ɗauki hayar mota, a buga fosta, a biya lauya, a ciyar da iyalin wanda ke tsare. Shi ya sa jam'iyyu ke buɗe rassa a biranen da 'yan ƙasarsu suka taru, da shugaba da ma'aji da kuɗin wata-wata, jagora kuma ya riƙa zagaya su yana taro a zaure ana karo-karo. Jam'iyyar adawa ta MDC ta Zimbabuwe ta yi haka a Ingila da Afirka ta Kudu, gwamnatin Robert Mugabe kuma ta kafa doka a 2001 da ta haramta wa jam'iyyu karɓar kuɗi daga waje.

Na biyu murya ce. Inda gidan rediyon gwamnati ba ya sa muryar ɗan adawa, sai a nemi wata hanya daga bayan iyaka. 'Yan Zimbabuwe sun kafa SW Radio Africa a Ingila a 2001 suna watsawa a gajeren zango. 'Yan adawar Habasha sun buɗe tashar tauraron ɗan'adam ta ESAT a 2010, Jawar Mohammed kuma ya jagoranci tashar OMN daga jihar Minnesota ta Amurka, wadda ta yi tasiri a zanga-zangar Oromo da ta kai ga sauyin shugabanci a 2018. Yau ba sai an mallaki tasha ba. Facebook da TikTok da saƙon murya na WhatsApp sun wadatar, kuma saƙon murya ya fi dacewa da ƙauye domin ba ya buƙatar iya karatu.

Sauran abubuwan biyu a taƙaice suke: shiga ofisoshin 'yan majalisar ƙasashen da ake zaune a nemi a matsa wa gwamnatin gida lamba, da samar wa wanda ya gudo wurin kwana da lauyan neman mafaka.

Ƙuri'a fa? Ita ce mafi ƙarancin abin da ake samu, domin gwamnati ke riƙe da rajista da ofisoshin jakadanci. 'Yan Benezuwela sama da miliyan 7 ne suka bar ƙasarsu, amma a zaɓen 2024 waɗanda ke da rajistar zaɓe a waje ba su wuce kimanin 69,000 ba. Kuma kuskure ne a ɗauka duk wanda ke waje ɗan adawa ne. Turkawan Jamus da suka yi zaɓe a 2023, kusan biyu bisa ukunsu Erdogan suka zaɓa. 'Yan Nijar da yawa a ƙetare sun yi maraba da juyin mulkin 2023, wasu har sun zuba kuɗi a asusun haɗin kai da sojoji suka buɗe a shekarar.

## Gambiya: inda abin ya yi aiki

Misalin da aka fi kawowa shi ne Gambiya. Yahya Jammeh ya hau mulki a 1994, ya yi shekara 22 yana ɗaure 'yan jarida da 'yan adawa. 'Yan ƙasar da ke Amurka da Turai sun buɗe jaridu da gidajen rediyo na intanet, irin su Freedom da Fatu Network, inda ma'aikatan gwamnati ke tsegunta labari a ɓoye.

Sun fara gwada hanyar da ba ta ɓulle ba. A ranar 30 ga Disamba, 2014, wasu 'yan Gambiya mazauna Amurka da Turai suka kai hari fadar shugaban ƙasa a Banjul da niyyar juyin mulki. Aka kashe wasu, waɗanda suka koma Amurka kuma kotun can ta hukunta su, domin dokar ƙasar ta hana shirya yaƙi kan ƙasar da ba ta gaba da ita. A gida kuwa aka bi danginsu da kame.

Abin da ya yi aiki ya zo ne bayan shekara biyu. A 2015 gwamnati ta ɗaga kuɗin ajiyar takarar shugaban ƙasa daga dalasi 10,000 zuwa 500,000. A Afrilun 2016 Solo Sandeng na jam'iyyar adawa ta UDP ya mutu a hannun jami'an tsaro, aka kuma ɗaure shugaban jam'iyyar, Ousainou Darboe. Na waje suka tara kuɗi ta intanet, suka kuma matsa wa jam'iyyu lamba su tsayar da mutum ɗaya. Jam'iyyu bakwai suka haɗu a bayan Adama Barrow. Jammeh ya yanke intanet da kiran waya na ƙasa da ƙasa a jajiberin zaɓe, amma an ƙirga ƙuri'u a rumfunan zaɓe a gaban wakilan jam'iyyu, Barrow ya sami kusan kashi 43 cikin ɗari, Jammeh kusan 40. Da ya ƙi sauka, sai da ECOWAS ta tura sojoji kafin ya fice zuwa Ikwatoriyal Gini a Janairun 2017.

Abin lura shi ne rabon aikin. Na waje ba su jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Kuɗi da labari suka bayar, da kiran waya ga iyaye da ƙanne waɗanda suke ciyarwa. Waɗanda suka tsaya layi, suka tsare akwati, suka sha duka, na gida ne. Kotun Ƙolin Gambiya ta yanke a 2021 cewa mazauna waje suna da haƙƙin zaɓe, amma zaɓen Disamban shekarar ma ba da su aka yi ba, a ƙarƙashin gwamnatin da suka taimaka wa ta hau.

## Mun taɓa ganin irinsa a nan

Dattawan kan iyaka ba baƙin wannan labari ba ne. Bayan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar ta yi kamfen ɗin ƙin amincewa da tayin jagoran Faransa Janar de Gaulle na ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwar Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, an haramta ta a 1959. Shugabanninta suka koma Mali da Gana, magoya baya kuma suka bazu a maƙwabta, har da Arewacin Najeriya inda suke da alaƙa da 'yan NEPU. A 1964 suka turo mayaƙan da aka horar a waje su shiga Nijar, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Ba a tashi ba. Gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, kuma bayan jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla a Afrilun 1965, kamen ya ƙara tsanani kan waɗanda ba su taɓa barin gida ba. Shekara biyar a waje ta isa jagora ya kasa auna yadda tsoro ya shiga mutanensa.

A Najeriya kuwa, zamanin Janar Sani Abacha ne. An kafa ƙungiyar adawa ta NADECO a Mayun 1994 don neman a tabbatar da zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Wole Soyinka ya fice a ƙarshen 1994, Bola Tinubu da Anthony Enahoro da Bolaji Akinyemi da Dan Suleiman duk sun yi gudun hijira. Sun buɗe Rediyo Kudirat a gajeren zango, sun yi ta kai-komo a Landan da Washington, kuma bayan rataye Ken Saro-Wiwa a ranar 10 ga Nuwamba, 1995, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Amma babban abin da suke so, wato takunkumi kan man fetur, ba su samu ba.

A Arewa kuma muryarsu ba ta ratsa sosai ba. Mutane da yawa a Kano da kewaye sun ɗauki tafiyar a matsayin ta Kudu maso Yamma, gwamnati kuma ta yi amfani da wannan kallo. Adawar da ta girgiza lissafi a nan daga cikin gida ta fito: Shehu Musa 'Yar'aduwa da ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, da wasiƙar da 'yan siyasar Arewa 18 suka rubuta a farkon 1998 suna ƙin tazarcen Abacha, wadda ta jawo aka tsare Abubakar Rimi da Sule Lamido. Wannan rukuni ne ya faɗaɗa ya zama G34, daga baya PDP. Mulkin ya ƙare ne da rasuwar Abacha a ranar 8 ga Yuni, 1998, don haka har yau ana gardama kan nauyin da kowane ɓangare ya ɗauka. Abin da ba gardama shi ne wasu daga cikin na waje sun dawo da suna da abokai da suka amfane su: Tinubu ya zama gwamnan Legas a 1999, Kayode Fayemi, wanda ya yi aiki da Rediyo Kudirat, daga baya ya zama gwamnan Ekiti.

## Yadda gwamnatoci ke mayar da martani

Mafi ƙanƙantar martani shi ne sa wa na waje suna: 'yan koren Turawa, maciya amanar ƙasa. Sai takardu. Belarus ta hana ofisoshin jakadancinta sabunta fasfo a 2023, wanda ke so sai ya dawo gida, inda ake jiran sa. Iritiriya tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar 'yan ƙasarta na waje, wanda bai biya ba kuma ba ya samun hidimar ofishin jakadanci. Janye ɗan ƙasanci irin na Nijar na cikin wannan sahu. Sai shari'a a bayan ido: a Maris 1997 gwamnatin Abacha ta tuhumi Soyinka da wasu da cin amanar ƙasa alhali suna waje.

Daga nan sai a kai hannu. A Yulin 1984 jami'an Ingila suka gano Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted ana shirin kawo shi Legas. Gwamnatin soja ta lokacin ta musanta hannu, amma dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. An kama Andargachew Tsige na ƙungiyar adawar Habasha ta Ginbot 7 a filin jirgin Sana'a a 2014 aka miƙa shi Habasha. An yaudari ɗan adawar Ruwanda Paul Rusesabagina ya hau jirgi a Dubai a 2020 ya tsinci kansa a Kigali. Wanda ya zaɓi dawowa da ƙafarsa ma ba ya tsira: jagoran adawar Nijar Hama Amadou ya sauka Yamai daga Faransa a Nuwamban 2015, daga filin jirgi aka wuce da shi kurkuku, daga can ya yi takarar 2016.

Hanyar da ta fi araha ga gwamnati, ta kuma fi ciwo, ita ce matsa wa dangi: a kira uba ofishin 'yan sanda, a kori ƙane daga aiki, a rufe shagon gida. Ba ta buƙatar jirgi, kuma ba ta jawo rikicin diflomasiyya.

## Ra'ayoyi biyu, da wani na uku

Masu goyon bayan adawar ƙetare suna cewa idan an rufe jarida, an hana taro, an ɗaure jagora, to wajibi ne wani ya faɗi sunan wanda aka ɓatar, kuma wanda ke waje ne kaɗai zai iya. Suna ƙara da cewa mutumin da ke ciyar da gida goma da guminsa bai rasa haƙƙin magana kan yadda ake mulkin ƙasarsa ba.

Masu suka, waɗanda ba dukansu ne 'yan gwamnati ba, suna kafa hujja da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ba harsashi zai same shi ba yana da sauƙin kiran mutane su fito titi, yana kuma saurin kiran duk wanda ya zauna teburin sulhu maci amana. Tun da kuɗi daga wurinsa suke fitowa, jagoran gida yakan kasa sassautawa ko da ya ga sassaucin ne mafita. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce takunkumi: na waje ne ke roƙon a sa shi, talakan gida ne ke ɗanɗana shi. Misalin da ya fi muni a Najeriya bai fito daga jam'iyya ba: Simon Ekpa, mai fafutukar ɓallewar Biyafara, wanda ya riƙa ba da umarnin zaman gida a Kudu maso Gabas daga Finland, kotun ƙasar ta ɗaure shi shekara shida a 2025 kan laifukan ta'addanci.

Na uku shi ne na 'yan jam'iyyar da suka zauna. Ba sa ƙin kuɗin, amma suna ƙorafin cewa idan gari ya waye, waɗanda suka dawo da kwat da Turanci su ake ba muƙami. Idan aka jera misalan nan, abin da ya bayyana shi ne taimakon waje ya yi amfani inda ya tarar da tsari a gida da kuma wata 'yar kafa, kamar zaɓen da ake ƙirgawa a rumfa. Inda ba tsarin, kamar Sawaba a 1964, ya ƙare da asarar rayuka. Nijar ta yau ba ta da zaɓe a gaba kusa, ba ta da jam'iyya a hukumance, don haka ba kafar da kuɗin waje zai shiga irin ta Gambiya.

## Me dokar Najeriya ta ce

Najeriya ba ta ƙarƙashin soja tun 1999, amma dokokinta kan wannan batu masu tsauri ne. Sashe na 225 na tsarin mulki ya hana jam'iyya mallakar kuɗi ko kadara a waje, ya kuma ce duk kuɗin da aka aiko mata daga ƙetare ta miƙa wa hukumar zaɓe cikin kwana 21. Wannan ne ya tayar da gardama a 2022 lokacin da Peter Obi ya zagaya magoya bayansa a Amurka da Turai, inda aka yi ta muhawara ko hanin ya tsaya kan jam'iyya ne ko ya haɗa da ɗan takara da ƙungiyoyin sa-kai. Zaɓe daga waje kuma babu shi: Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurinsa a Maris 2022, duk da cewa 'yan Najeriya na aiko da kusan dala biliyan 20 gida a shekara. Senegal kuwa ta ware wa mazauna waje kujeru 15 cikin 165 na majalisarta, Nijar ma kafin juyin mulki tana da kujeru 5 cikin 171.

## Abin da zai iya shafar mutumin ƙauye

Na farko kasuwa ce, kuma an riga an gani. Da ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba ta. Dabbobin da ke shigowa Maigatari suka ragu, masu kai hatsi da kayan masarufi suka tsaya, dillalai da 'yan dako da masu abinci suka rasa na cefane, har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Shugabannin ƙasashe ne suka yanke wannan shawara, ba 'yan gudun hijira ba, amma jami'an tsohuwar gwamnati da ke waje sun goyi bayanta a fili, kuma wannan ya rage musu farin jini a ɓangarorin iyakar biyu.

Na biyu waya ce. A Yunin 2024 Nijar ta maido da hukuncin ɗauri a dokarta ta laifukan intanet, ga ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai dagula zaman lafiya. Ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Idan tashoshin da aka saba ji suka yi shiru, saƙonnin murya marasa asali ke cike gurbin, daga masu adawa da masu goyon baya duka. Wanda ya naɗa saƙon yana Turai, dokar ba ta kai gare shi. Ɗan kasuwar Gumel ko Babura da ya tura wa surukinsa a Damagaram, ko ya ƙetare da shi a wayarsa, yana inda dokar ke aiki.

Na uku shi ne ɗan ci-rani. Saudiyya ba ta yarda da jam'iyya ko zanga-zanga ba, wanda ke Libiya ko Aljeriya ba takarda kuwa babban burinsa kada a lura da shi. Don haka idan aka ce mazauna ƙetare sun yi taro sun yanke shawara, galibi ana nufin 'yan boko masu takardun zama a Turai da Amurka. Matashin da ya bar ƙauyensa a Ɗanbatta ko Kazaure yana turo kuɗin taki ta hannun ɗan canji ba ya cikin taron, ba shi da reshen jam'iyya, kuma ko da Najeriya ta amince da zaɓe daga waje, rajistar za ta bi ta ofishin jakadanci ne, inda za a fara tambayarsa fasfo da izinin zama.